Rigar Sanyin da Baba Ya Ɗinka Mini

Ni da bakina na jawo wa kaina. Ranar da takardar jami'ar ƙasar waje ta iso, a ƙofar shagon Baba na tsaya ina karanta masa, ina wani ɗaga murya don maƙwabta su ji. Da na zo wajen da suka yi bayanin yanayi, sai na ce garin fa sanyinsa ba na wasa ba ne, har ruwa yake daskarewa a kan titi.

Baba ya tsayar da keken ɗinki, ya kalle ni ta saman tabarau.

"A kan titi?"

"Haka suka rubuta. Sun ce kowane ɗalibi ya tanadi rigar sanyi mai kauri."

"To ai kin zo gidanta," in ji shi. Ya zare tef daga wuyansa. "Miƙe hannu, Auta."

Baba tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin layinmu: keke biyu, teburin yanka da almakashi ya cinye wa baki, da wani madubi da ya tsage tun kafin a haife ni, ya ƙi canza shi wai har yanzu yana faɗin gaskiya. Mu biyar ya haifa, kuma babu wanda ya taɓa sa ɗinkin wani tela a cikinmu, daga kayan makaranta har na zuwa biki. Sai dai a shekarar nan idonsa ya fara ba shi matsala. Mama ce take leƙawa da safe ta zura masa zare a allurai shida, ta soke su a jikin ƙyalle ta fito, kuma duk gidan mun san ba a maganar. Sau biyu aka dawo masa da aiki, wando ɗaya ƙafa ta fi ƙafa, riga ɗaya wuya ya karkace. Duka biyun ya ce yadin ne ba shi da kyau.

Rigar ƙanƙara kuwa bai taɓa ɗinkawa ba, don ƙanƙarar ma a firji kawai ya san ta. Amma wa zai gaya wa Baba akwai rigar da ta fi ƙarfinsa? Sati uku ya yi a kanta. Ya nemo yadin ulu ruwan ƙasa mai kaurin bargo, ya shimfiɗa auduga hawa biyu a ciki, ya bi ta da ɗinkin hannu layi-layi don kada ta dunƙule, ya sa mata shafi, ya yi mata dogon wuya mai rufe kunne da manyan maɓallai takwas. Da ya gama bai yarda da ita ba sai ya gwada. Baba siriri ne, ta shige shi. Ya tafi wajen abokinsa mai sayar da kifi, ya sa ta, ya ce a rufe shi a ɗakin sanyin da ake ajiye kifin. Rabin awa ya yi a ciki. Ya fito yana ƙarnin kifi, yana dariya.

"Ko a jikina!" in ji shi. "Ƙafata ce kawai ta ji. Ki nemi safa mai kyau."

Kwana uku Mama tana shanya ta a igiya tana mita, wai tsoho da jikoki ya je ya kwanta da kifi. Ranar tafiya rigar ta ƙi shiga akwati, don haka a hannu na rungume ta har cikin jirgi.

Garin ya karɓe ni kamar bai san na zo ba. Ɗakina yana hawa na shida a gidan kwanan ɗalibai: gado biyu, tebur biyu, taga ɗaya mai kallon bayan wani dogon bene. Da kati ake buɗe ƙofa, kuma a satin farko sau huɗu ina rufe kaina a waje. In na shiga lif, na'urar hawa bene, na gaida mutane sai su kama kallon takalmansu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, kai, ban yafe masa ba. Na taɓa shigarsa don zuwa aji, na fito na tsinci kaina a layin masu sayar da tayoyin mota, na tsaya ina riƙe da jakar littattafai ina haɗiye kuka.

Wadda ta cece ni 'yar ɗakinmu ce, 'yar ƙasarmu, shekararta biyu a garin. Ƙwalisa ake ce mata, kuma sunan bai zalunce ta ba, don ko shara za ta zubar sai ta duba madubi. Ita ta koya mini karanta taswirar jirgi, ita ta raka ni aka yi mini katin zama, ita ta nuna mini shagon da ake samun barkono mai yajin gaske. Sabuwa take kirana. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na ɓata ta. Abin da ya faru ba laifinta ba ne, ko da yake na daɗe ina so a ce nata ne.

Wata biyu da zuwana sanyi ya sauka. Na tashi da safe na ga tagarmu ta yi fari, na ce yauwa, yau ranarki ce. Na ciro rigar daga ƙarƙashin gado na sa, na ɓalle maɓallai takwas cif. Ƙwalisa ta juyo daga gaban madubi, jan baki a hannunta, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, sai ta faɗi a kan gado.

"Wayyo cikina! Ke Sabuwa, katifar gidanku kika sato?"

"Babana ne ya ɗinka," na ce.

Ta yi ƙoƙarin gimtse fuska. "Allah sarki. A'a, ta yi kyau fa. Tana da... tana da nauyi." Sai dariyar ta sake kubce mata.

A waje na gane abin da take nufi. Kowa yana cikin 'yar riga baƙa mai sheƙi, marar nauyi, iya ƙugu. Ni kaɗai ce nake tafiya kamar an naɗe buhu an sa masa takalmi. A jirgi na cinye kujera ɗaya da rabi, wani mutum ya tashi ya bar mini duka. Da na isa aji na rataye ta a ƙugiyar bango inda kowa yake rataye tasa. Malam yana tsakiyar bayani aka ji ƙarar wani abu, rigar ta zubo ƙasa, ta taho da ƙugiyar da ƙusoshinta biyu da ɗan siminti. Ajin ya kaure da dariya. Har malam sai da ya juya wa allo fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Abu ɗaya zan faɗa saboda Allah: tun daga ƙofar gida har aji ban ji sanyi ba ko ɗis. Gumi ma na yi.

Ranar Asabar na ce wa Ƙwalisa ta zo ta ɗauke ni hoto. Ba ita ta kawo dabarar ba, ni ce. Na zuba mayafai kala-kala a jaka, muka zaga gari. Hoto a bakin tasha, hoto a gaban ɗakin karatu, hoto a kan gada, hoto kusa da wata bishiya da ganyenta ya zube. Kowane wuri sai in canza mayafi in washe baki. Goma sha biyu muka ɗauka. Da muka dawo na sauka ƙasan gidan, ɗakin injinan wanki, inda akwai wata kanta da ɗalibai suke ajiye kayan da ba sa so, duk mai buƙata ya ɗauka. Na ninke rigar na ɗora tsakanin wata tukunya marar murfi da tarin tsofaffin littattafai. Ban ko waiwaya ba.

Washegari na sayi baƙar riga mai sheƙi irin ta kowa. Iska tana ratsa ta kamar rariya, amma babu wanda ya ƙara kallona a jirgi, kuma a lokacin abin da nake nema ke nan.

Duk Lahadi sai in tura hoto ɗaya gida. Baba ba ya iya latse-latsen waya, Yaya babbarmu ce take nuna masa. Sai ya karɓa ya yi magana.

"Auta, ya sanyin?"

"Ai ban san ana yi ba, Baba."

"Na gaya miki! Wuyan fa, ba ya cin haɓa?"

"Daidai yake."

Mama ta ce duk wanda ya kawo ɗinki sai Baba ya sa an nuna masa hoton, wai ga aikinsa can ya ƙetare teku yana karatun jami'a. Na yi dariya, na kashe waya, na zauna ina hura yatsuna.

A sati na uku na ga rigar. Ina saukowa da sassafe zan tafi aji, sai ga ta tana shigowa ta ƙofar gida da mutum a cikinta. Matar da take goge mana bene ce, dattijuwa, gajera, ita ma baƙuwa ce daga wata ƙasa can daban. Iya nake kiranta, ita kuma tana amsawa ba tare da ta san ma'anarsa ba. Bas ɗin farko take biyowa daga can ƙarshen gari. A da ina ganinta tana shigowa a ƙanƙame, leɓenta ya yi shuɗi, sai ta jingina da bututun ɗumama ɗaki kafin ta iya riƙe bokiti. Ranar nan kuwa a miƙe ta shigo, tana 'yar waƙarta. Na yi kamar na manta wani abu na koma sama. Daga ranar na koma bin matakalar baya, hawa shida a ƙafa, don kada mu haɗu.

Hoto na takwas na tura, sai ga kiran Yaya ranar Laraba da rana, ina tsaye a layin karɓar abinci. Yaya ba ta kira a tsakiyar mako.

"Ke Auta, me ya samu rigar nan?"

"Wace riga?"

"Kar ki raina mini hankali. Kwana biyu ke nan Baba bai buɗe shago ba. Ya lulluɓe kekunan da zani, ya mayar wa mutane yadinsu. Yana zaune a tsakar gida kamar mai zaman makoki."

Na fita daga layin, na tsaya a jikin bango. Yaya ta zayyana mini. Ashe Baba ya ce hotunan sun yi masa ƙanana a waya, ya sa aka kai wa mai hoto ya wanke su manya don ya liƙa a shago. Da aka kawo ya jera su a kan teburin yanka, ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin da yake duba saƙar yadi da shi. Ya daɗe a kansu. Baba in ya gama riga mai aljihu yakan kama bakin aljihun da farin zare, ɗinki uku huɗu, don kada ya saki kafin a fara sawa. Mai riga ne yake tsinkewa ranar farko. A hotuna takwas ɗin nan, na wata biyu a ganinsa, farin zaren yana nan a aljihu biyun. Gwiwar hannu ba ta karye ba. Bayan rigar bai nuna an taɓa zama da ita ba.

Ni 'yar tela, a shagon na yi rarrafe, amma wallahi ko sau ɗaya zaren nan bai faɗo mini a rai ba.

"Ya ce ba kya sa ta," in ji Yaya. "Ya ce don hoto kawai kike ɗaurawa, don kada ransa ya ɓaci. Wai ke yarinya ce mai kunya, ba za ki iya cewa ya ɓata ɗinki ba. Ya ɗauko littafin awo ya kasa karanta rubutun kansa, yana tambayar Mama wannan bakwai ne ko ɗaya. Ya ce tunda har 'yarsa ya tura cikin ƙanƙara da rigar da ba ta sawuwa, to idonsa ya gama, gara ya bari tun kafin ya ci mutuncin kansa."

"Yaya, rigar lafiyarta ƙalau."

"To ki sa ta mana! Ki tsinke zaren, ki cusa hannu a aljihu, ki turo masa. Me ye wahala a ciki?"

Na ce to. Abincin da ban ci ba ke nan ranar.

Duk mai hankali ya san abin da ya kamata in yi. Ni ma na sani. Na ɗauki waya sau uku, sau uku ina ajiyewa. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya shiga ɗakin kifi saboda ni, ai kunyar aikinka na ji? Sai na ce wa kaina akwai hanya mai sauƙi, wadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Ƙarya ce ta kawo ni nan, ni kuma da wayona na ga babu abin da zai fitar da ni sai wata ƙaryar.

Da safe na sauka ƙasa. Iya tana cikin ɗan ɗakin da ake ajiye tsintsiya da sabulu, zaune a kan bokitin da ta kife, tana shan shayi a murfin fulas. Rigar tana jikinta. Yaren garin ni da ita duk a tsintsince muke yinsa, rabi da baki rabi da hannu. Na nuna rigar, na nuna kaina, na ce babana ne ya yi.

Ta ajiye shayin. "Babanki? Tela?"

Na ɗaga kai.

Sai ta buɗe gaban rigar ta juyo cikinta, ta kama yatsana ta ɗora a kan layukan ɗinkin. "Wannan ba inji ba," in ji ta. "Hannu. Duba, duk ɗaya, duk ɗaya." Ta ce shekara ashirin ta yi a masana'antar tufafi a ƙasarsu kafin ta rufe, ta ga riguna dubu nawa, ba ta taɓa ganin wanda ya zauna ya yi wa auduga haka ba. Ta cusa hannuna a aljihu. Ashe wani lallausan ƙyalle ya sa a ciki, mai ɗumi, irin wanda ake yi wa jarirai zani da shi. Rigata ce, amma sai ranar na san cikin aljihunta.

"Me ya sa kika ajiye?" ta tambaye ni.

Na ce ta yi mini nauyi.

Ta kalle ni, irin kallon da Mama take mini in na ce ba ni na fasa kofi ba. Ta fara ɓalle maɓallai. "Taki ce. Karɓi." A ƙarƙashi wata 'yar suwaita ce da ta sha wanki har ana hango fatar hannunta.

Na riƙe hannunta na ce a'a, a'a, minti ɗaya kawai nake so, hoto zan yi. Ba ta gane dalili ba, amma ta cire ta ba ni. Na sa ta da ɗumin jikinta a ciki. Yanzu kam riga ta zama riga: gwiwar hannu ta karye, wuya ya kwanta, aljihu ya buɗe har ya ɗan saki. Muka fita bakin ƙofa inda ƙanƙara ta taru. Na cusa hannu ɗaya a aljihu, na ɗaga ɗayan ina gaisuwa, Iya ta ɗauka tana rawar sanyi. Na mayar mata da rigarta, na tura wa Yaya hoton, na tafi aji ina jin kaina wata gwana.

Ina dawowa ɗaki da la'asar waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga wayar Yaya, amma fuskar Baba ce ta cika allon, ya matso da ita kusa har ba na ganin komai sai tabarau da goshi. Ya rame.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ina wuni? Ka ga hoton?"

"Na gani." Ya gyara tabarau. "Na ga hannun. Bai kai wuyan hannunki ba, ya rage inci biyu cur. Maɓallan ma ba a layinsu suke ba, sun ja gefe. Ni ina ta tunanin ko kafaɗa ce, ashe har hannu na gutsure."

Na buɗe hoton da ɗayan yatsana ina kallo. Ga hannuna a sama, ga tsintsiyar hannuna tsirara a waje. Iya gajera ce, kuma tela ce. Ta rage hannun, ta matsar da maɓallan daidai jikinta. Ni ina can ina murnar aljihu, ban ko lura ba.

"Shekara talatin da shida ina yanka," in ji Baba, "ban taɓa gutsure hannu ba. Sai a kanki. Kina can cikin sanyi wata biyu kina rufa mini asiri. Auta, ki yafe mini."

Innalillahi. Ubana ne yake neman gafarata. Ban san lokacin da na zame daga gado na durƙusa a ƙasa ba, kamar yana gabana.

"Baba, don Allah ka daina. Ba ka gutsure komai ba. Rigar daidai take, ko'ina daidai, ranar da na sa ta gumi na yi. Ni ce. Ni ce na bayar da ita."

"Kika bayar?"

Na gaya masa duka. Dariyar Ƙwalisa, ƙugiyar da ta fita, hotuna goma sha biyu a rana ɗaya, kantar ɗakin wanki, Iya da ta rage hannu. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya numfashi zan sake ƙirƙiro wata. Ya saurara bai katse ni ba. A bayansa ina jin Mama tana cewa me ya faru, me take cewa, babu wanda ya amsa mata.

"To me ya sa?" in ji shi a ƙarshe. Ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

"Kunya na ji, Baba."

"Kunyar me?"

"Ba irinta ake sawa a nan ba. Ana kallona."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar.

"Matar nan," in ji shi, "da kanta ta rage hannun?"

"E."

"Ta iya. Na duba kalmasar da gilashi, na ɗauka tawa ce." Ya matso da wayar. "Tana jin ɗuminta?"

"Sosai, Baba. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki irinsa ba."

"To madalla. Ki bar mata. Kada ki karɓa." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ashe ba idona ba ne."

"Ba idonka ba ne, wallahi. Baba, ka yafe mini."

"Babu komai. Allah ya yi miki albarka. Ga mamanki."

Mama ta karɓa ta wanke ni tas, ta ce ashe jami'ar rashin kunya aka tura ni, ta ce da ta sani da katifar ta bar ni na tafi da ita da gaske. Yaya ta karɓa ta ɗora nata. Duk na shanye, har daɗi na ji, don zagin ya fi mini sauƙi a kan wannan "babu komai" ɗin.

Bayan kwana biyu Yaya ta turo saƙo cewa Baba ya buɗe shago. Ya yaye zanin, ya zuba wa kekuna mai, ya aika a gaya wa mutane su dawo da yadinsu. Har ya yarda aka kai shi asibitin ido, abin da aka yi shekara ana roƙonsa. Na yi kuka na gode wa Allah. Na ce shi ke nan, na biya, an wuce wurin.

Muna gaisawa duk Lahadi kamar da. Ya karatu, ya jiki, a dage, Allah ya taimaka. Bai ƙara tambayata sanyi ba, ni ma ban ƙara tura hoto ba. Sauran huɗun suna nan a wayata, na kasa gogewa, na kasa kallo. Na daina bin matakalar baya. Kullum da safe ina haɗuwa da Iya a ƙofa, ta daki ƙirjin rigar ta ce, "Gaida baba," in ce zai ji. Sau ɗaya na isar da saƙon. Ya ce yana amsawa, ya tambayi jarrabawa.

Da sanyi ya fara ja baya aka sa ranar auren yayana namiji. Ba zan samu zuwa ba saboda karatu, amma Yaya ta ce Baba ya ɗinka wa kowa kaya, tun daga Mama har jikoki, kuma ni ma an ba wani mai zuwa garin nawa ya taho mini da shi. Ranar da saƙon ya iso ban tsaya jiran lif ba, da gudu na hau hawa shida. Ƙwalisa tana tambaya mene ne, na ce kayana ne daga gida, kuma ko buhu ne aka ɗinko sai na sa shi na zaga garin nan kaf, duk mai dariya ya mutu.

Na yage ledar. Yadi ne mai kyau, shuɗi, irin kalar da nake so tun ina ƙarama. A ninke yake yadda ya fito daga kanti. An maƙala 'yar takarda da allura, rubutun Yaya ne: "Baba ya ce ki kai wa telan can, su suka san irin wanda ake sawa."

Na warware shi a kan gado, yadi biyar. Na duba ciki da bai, na bi gefe-gefe da yatsa, ko zan ga inda ya ɗora alli ya fasa. Babu ko ɗigo.